Harbin teburin zarto a wurin aikin kabad: abin da ya jawo shi da yadda aka gyara

Aikin na kabad ɗin kicin ne da wadirof biyu, a wani sabon gida a Kano da ko fenti ba a gama ba. Kafinta ɗaya ne da yaransa biyu. Bangon ginin bai miƙe daidai a ko'ina ba, don haka aka ga gara a riƙa aunawa ana yankawa a wurin, da a yanko a shago a kawo a tarar bai zauna ba. Irin wannan aiki aka yi ƙaramin teburin zarto na tafi-da-gidanka dominsa, wato injin yanka katako mai faifan zarto da ke leƙowa ta tsakiyar tebur. Mutum biyu za su ɗaga shi su sa a bayan a-kori-kura, kuma idan an saita shi yadda ya kamata, yana fitar da yanka mai tsafta kamar na babban injin shago.

Injin na hannu ne, ba sabo ba. Faifan zartonsa milimita 254, wato inci 10, motarsa wat 1,800, yana juyawa kusan sau 4,000 a minti. Ya zo da jagora, wato dogon ƙarfen da ake jingina gefen katako da shi idan za a tsaga. Ya zo da murfin roba mai rufe faifai, da wuƙar baya, wani lanƙwasasshen ƙarfe mara kaifi da ke tsaye a bayan faifai yana shiga cikin tsagin da aka yanka don kada ya rufe. A wannan samfurin, murfin a jikin wuƙar bayan yake ɗaure, kuma kan wuƙar ya ɗara faifai tsawo. Wannan ƙira tana da hannu a abin da ya biyo baya.

Kayan aiki kashi biyu ne: allunan MDF, wato na garin katako da aka matse da gam, masu rufin melamin, kauri milimita 18, na jikin kabad, da falankan madaci wan-bai-tuwelf, wato kauri inci ɗaya faɗi inci 12, da aka sayo a kasuwar katako kwana biyu kafin a fara, na firam ɗin ƙofofi. Babu wutar gwamnati a gidan tukuna. Janareta mai kVA 2.5 ke waje, an jawo wuta da waya mai tsawon kusan mita 40, rabinta a naɗe.

Yadda abin ya faru

Da safe an yanka allunan MDF da faifai mai haƙora 60, wanda shi ne daidai da wannan aiki. Daga nan aka koma fitar da kwarmi a gefen durowa, inda siririn filawud na ƙasan durowa zai shiga. Kwarmi yanka ne da ba ya ɓulla ta sama, katako yana bi ta kan faifai ne gaba ɗaya, don haka wuƙar da ta ɗara faifai tsawo za ta tare shi. Aka cire wuƙar, murfi ya bi ta. Har nan babu laifi, haka ake yi.

Bayan azahar aka juyo kan madaci. An raba kowane falanki biyu, tsawon kusan mita 1.8, ana tsaga shi sili-sili mai faɗin milimita 50. Ba a mayar da wuƙar baya ba, ba a mayar da murfi ba, ba a canja faifai ba. Kafinta yana turawa daga gaba, a tsaye daidai saitin faifai, hannun dama a ƙarshen falanki, hannun hagu yana danna gefensa zuwa jagora. Yaro ɗaya yana baya yana karɓa, saboda teburin gajere ne, babu abin da zai tallafi katako idan ya wuce.

Silin farko da na biyu sun fita, amma da alamu. Gefensu ya yi baƙin ƙuna, akwai ƙaurin hayaƙi, kuma ƙarar motar tana sauka idan an kai tsakiya. A na uku, da aka wuce rabi, turi ya yi nauyi. Kafinta ya ƙara ƙarfi. Yaron da ke baya, don ya taimaka, ya kama ɓangarorin biyu da suka fito da hannu ɗaya ya ja. Nan take falankin ya ɗaga ya hau kan faifai ya dawo baya da ƙarfi, ya bugi kafinta a ƙasan ciki ta gefen dama. Hannunsa na hagu, da yake ƙarfinsa duk yana kan katakon da ya riga ya bar wurin, ya zame gaba, babban yatsa ya taɓa haƙora.

Me ke sa katako ya tashi

Faifan teburin zarto yana juyowa ne ta wajen mai aiki. Haƙoran gaba suna sauka ƙasa, su ke yanka, kuma saukarsu tana danne katako a kan tebur. Haƙoran baya kuwa tasowa suke daga ƙarƙashin tebur zuwa sama, babu abin da ya kamata su yanka, wucewa kawai za su yi ta cikin tsagin da na gaba suka buɗe. Duk harbi, wato inji ya cillo katako ya dawo kan mai aiki, daga nan yake farawa. Idan wani abu ya matsa katako ya jingina da haƙoran baya, za su ɗaga shi. Da ya ɗagu sai ya hau saman faifai, inda haƙora ke gudu kai tsaye zuwa ga mai turawa, su cilla shi.

Lissafin gudun ba shi da wuya. Kewayen faifai mai milimita 254 kusan santimita 80 ne. Sau 4,000 a minti ya zama mita 53 a daƙiƙa, kimanin kilomita 190 a awa. Faifan yana juyawa kusan sau 67 a daƙiƙa ɗaya, kuma mutum yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya ga abu ya janye hannu. A wannan ɗan lokaci haƙora dubu ɗaya sun wuce a faifai mai haƙora 60. Shi ya sa ƙwarewa da saurin hannu ba sa ceton kowa a nan. Abin da ke ceto shi ne inda hannun yake tun kafin abin ya faru, da ƙarfen da ke tsaye a bayan faifai. Hukumar da ke sa ido kan ingancin kayan masarufi a Amurka ta ƙiyasta cewa a ƙasar kusan mutum 30,000 ne faifan teburin zarto ke ji wa rauni a shekara, kusan 4,000 daga ciki har da rasa yatsa.

Abin da aka tarar da aka duba

Abu na farko shi ne katakon kansa. Falankan da ke zuwa Arewa yawanci da ɗanyensu suke isowa, sai busasshiyar iska, musamman ta hunturu, ta bushe bayansu da sauri alhali cikinsu da sauran ruwa. Irin wannan katako yana ɗauke da ja a cikinsa. Da an tsaga shi sai ɓangarorin su motsa, wani lokaci su buɗe, wani lokaci su rufe su matse faifai. Da aka ɗauki sili biyun farko aka jera su, kowanne ya yi baka, kuma sabon yankan yana da sanyi a tafin hannu. Ga shi gefen da aka jingina da jagora yankan sha-mil ne, wato masana'antar tsaga gungume, ba a miƙar da shi ba. Gefen da ke da ciki ko doro ba ya kwanciya a jikin jagora, yana lilo, kuma kowane lilo yana karkata tsagin zuwa haƙoran baya.

Na biyu jagora. Da aka auna, tazararta da faifai a baya ta gaza ta gaba da kusan milimita ɗaya da rabi. Wato hanyar da silin ke bi tana ƙara tsukewa, jagorar da kanta ke tura katako cikin haƙoran baya. Baƙin ƙunan da aka gani a gefen silin shaidar wannan ne. Ƙananan injuna suna yawan yin haka saboda jijjigar hanya da yadda ake ɗaga su ta jikin jagora. Wanda ya saita injinsa a shago ya loda shi a mota, sai ya sake aunawa idan ya sauke.

Ga yadda ake awon. A zare fulogi daga soket, ba kashe makunni kawai ba. A ɗaga faifai har ƙarshe, a sa wa haƙori ɗaya alama da alli. A juyo shi gaba, a auna daga gefensa zuwa bakin ramin layin da ke kan tebur, inda ma'aunin kusurwa, wato abin da ake tura katako da shi a yankan gicciye, ke gudu. A juya wannan haƙorin dai zuwa baya, a sake aunawa. Dalilin amfani da haƙori ɗaya shi ne kada ɗan karkacewar faifai ta ruɗe awon. Wanda ba shi da agogon awo, ya ɗaure guntun katako mai sukuru a baki a jikin ma'aunin kusurwa, ya juya sukurun har ya shafi haƙorin a gaba, sannan ya zame shi baya ya gani ko ya shafa daidai. Bambancin kada ya wuce kaurin takarda biyu, kimanin milimita 0.2. Idan ya wuce, akwai notunan da ke riƙe da mota a ƙarƙashin tebur, a sassauta a gyara. Sai an gama da faifai ake komawa kan jagora, a kulle ta a bakin ramin layin, a shafa da yatsa gaba da baya. Ta yi daidai da shi, ko ta ɗan buɗe a baya da kaurin takarda ɗaya. Tsukewa a baya kuwa ko kaɗan ba a yarda da ita.

Na uku faifai. Mai haƙora 60 ramukan da ke tsakanin haƙoransa ƙanana ne, an yi shi don ya yanka allo ba tare da ɓarewa ba. Tsaga katako bin tsawonsa yana fitar da dogayen ɓawo masu buƙatar wuri, kuma ɗanyen katako ya fi cika ramukan. Da suka cika sai faifan ya daina yanka ya koma guga, ya yi zafi, ƙaro ya manne a jikinsa, turi ya yi nauyi. Faifan tsaga mai haƙora 24 ne. Mai 40 yana iya ɗaukar aiki biyun idan katakon bushe yake kuma bai wuce inci ɗaya ba. Canja faifai bai fi minti uku ba.

Na huɗu wuta, wadda kafintoci da yawa ba sa kawowa cikin lissafi. Mota mai wat 1,800 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 8, kuma tana ninka haka idan ta sha nauyi ko lokacin tashi. Wayar da aka jawo mai kaurin murabba'in milimita 1.0 ce. A tsawon mita 40, zuwa da dawowa mita 80, tana cinye kusan bolt 11 a aiki na yau da kullum, fiye da 20 idan motar ta shiga wahala, ban da abin da janaretan kansa ke sauka. Idan faifai ya rage gudu, kowane haƙori yana cizon katako fiye da ƙima, yana kama shi maimakon ya yanke ya wuce. Waya mai murabba'in milimita 2.5 a wannan tsawon ba ta cinye ko bolt 5. A warware ta duka daga kan naɗinta, domin naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi. Janareta kuma ya kai kVA 3.5 zuwa sama, kuma kada a haɗa injin da kwamfireso ko injin walda a lokaci ɗaya.

Na biyar yaron da ke baya. Shi bai yi da mugun nufi ba, ba a taɓa gaya masa aikinsa ba ne. Kama ɓangarori biyu da hannu ɗaya rufe tsagi ne da ƙarfin mutum. Ja kuma yana ƙwace iko daga mai turawa, kuma da harbin ya zo ta wata fuskar, hannun yaron ne zai bi katako zuwa haƙoran baya. Mai karɓa tallafa kawai yake yi, tafin hannu a buɗe a ƙarƙashin katako, ba ya ja, ba ya matsewa, ba ya ɗagawa. Ƙa'idar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ita ce idan za a sa mutum a baya, a ƙara tsawon tebur har ya kai milimita 1,200 daga tsakiyar faifai, don hannunsa ya kasa kaiwa.

Duk waɗannan biyar, da wuƙar baya tana wurinta, da wuya su kai ga harbi. Abin da zai faru shi ne katako ya matse wuƙar, turi ya gagara, mai aiki ya kashe inji ya duba. A ganinmu wannan ƙarfe shi ne mafi muhimmanci a jikin injin bayan faifai, kuma abin takaici shi ne aka fi jefarwa a kwali tun ranar da aka sayi inji. Tana da nata ƙa'idodi. Kaurinta ya fi na jikin faifai amma ya gaza faɗin tsagin da haƙora ke buɗewa: idan jikin faifai milimita 1.8 ne, tsagi kuma 2.6, wuƙa mai 2.2 ta yi. Wanda ya sa siririn faifai a inji mai wuƙa mai kauri zai ga katako yana tokarewa, wanda kuma ya sa faifai mai faɗin tsagi sosai a gaban siririyar wuƙa ya rage mata amfani. Tazararta da haƙora milimita 3 zuwa 8. Sannan ta tsaya a layi ɗaya da faifai: a jingina miƙaƙƙiyar rula a jikin faifai tsakanin haƙora ta kowane gefe, a ga wuƙar ba ta leƙo ba.

Raunin

Yankan ya shiga naman babban yatsa sosai amma bai kai ƙashi ba, an yi ɗinki an kuma yi allurar tetanus. Abin da ya dace a wurin shi ne a kashe inji, a danne raunin da tsaftataccen ƙyalle da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a nufi asibiti. Kada a zuba garin katako, ko fetur, ko baƙin mai, ko toka. Ba sa tsayar da jini fiye da dannewa, kuma sai likita ya sha wahalar wanke su kafin ya ɗinke. Idan yatsa ya gutsure, a naɗe guntun a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, a tafi da shi tare da mai rauni ba tare da ɓata lokaci ba. A Kano asibitin ƙashi na Dala yana karɓar raunukan hannu. Bugun ciki ma ba abin rainawa ba ne ko da fata ba ta fashe ba. Ciwon da ke ƙaruwa, jiri, amai, ko cikin ya yi tauri, duk suna nuna ana iya zubar jini a ciki.

Yadda aka ƙarasa aikin

An fara da mazaunin injin. Da a kan bulo huɗu yake, yana ɗan rawa idan aka jingina masa nauyi. Aka ɗaure shi da sukuru a kan ƙaƙƙarfan benci, tebur ya kai kusan tsayin ƙugu, aka haɗa wani benci a bayansa wanda ya gaza teburin tsawo da milimita biyu zuwa uku don kada bakin katako ya tokare. Wannan bencin ya ɗauke wa yaron aikin karɓa gaba ɗaya. Aka share guntaye da garin katako daga inda ake tsayawa, aka bi da waya ta gefe.

Falankan madacin an jera su a inuwa, da siraran sanduna masu kaurin milimita 20 a tsakaninsu, tazarar kusan rabin mita, sandunan suna saitin juna daga ƙasa zuwa sama, da nauyi a kai. Rana kai tsaye tana fasa bakin falanki. Firam ɗin ƙofofi an yi su da busasshen katakon da ya daɗe a shago, kuma wannan ya amfani mai gida, domin ƙofar da aka haɗa da ɗanyen katako kafin shekara ta zagayo za ta murɗe ta ƙi rufuwa. Kowane falanki an fara miƙar da gefe ɗaya. Inda babu injin fere, ana ɗaure falankin da sukuru a kan allon filawud mai miƙaƙƙen gefe, gefen filawud ɗin ya bi jagora, a yanke gefen falankin da ya leƙo. Sannan ana tsaga silin da rarar milimita 3 zuwa 5, a bar shi ya kwana ya gama motsinsa, washegari a kai shi awon ƙarshe.

Akwai wata dabara da ta dace da katakon da ba a amince da bushewarsa ba. A ɗaura guntun miƙaƙƙen katako a fuskar jagora wanda zai ƙare a daidai tsakiyar faifai ko kafin nan kaɗan. Daga wurin zuwa baya akwai fili, don haka idan silin ya yi baka ba shi da abin da zai tokara ya koma cikin haƙoran baya. Alluna irin su MDF da filawud ba sa motsi, su doguwar jagora suka fi so.

Tsawon faifai: haƙora su leƙo saman katako da milimita 5 zuwa 6, yadda haƙori guda zai fito duka. Tsayuwa kuma a gefen hagu na layin faifai, ba a saitinsa ba, kuma kada kowa ya gitta ta bayan mai aiki. Hannun hagu yana danna katako zuwa jagora ne a gaban faifai kawai, kuma yana tsaye a wuri ɗaya, ba ya bin katako. Danna gefe a daidai faifai ko bayansa rufe tsagi ne. Ido a kan inda katako ya haɗu da jagora, ba a kan faifai ba. Santimita 30 na ƙarshen kowane yanka da sandar turi ake kammala shi, mai tsawon aƙalla santimita 45, da tsaga a bakinta da za ta kama ƙarshen katako, kuma ana tura ɓangaren da ke tsakanin faifai da jagora har ya wuce wuƙar baya gaba ɗaya. Silin da aka saki a tsakanin faifai da jagora shi ne ke fita kamar mashi. A ajiye sandar a kan jagora kafin a kunna inji, domin wanda sai ya waiwaya ya neme ta, da hannu zai ƙarasa. A naɗe hannun riga, a cire zobe da agogo, kuma ba a sa safar hannu a wannan inji, haƙori yana kama zarenta ya ja hannun ciki.

Idan turi ya yi nauyi ko ƙarar mota ta sauka, ba ƙarin ƙarfi ake yi ba, kuma ba a ja da katako baya faifai yana gudu. A riƙe shi daram, a kashe makunni, a jira faifai ya tsaya cik, sannan a zare.

An sake tsarin aikin ma. Duk yankan da ke ɓulla ta sama an haɗa su wuri ɗaya da wuƙa da murfi a ɗaure, kwarmi kuma an bar shi a ƙarshe, a yi shi da katakon dannawa mai mariƙi wanda ke rufe saman faifai, a mayar da wuƙa nan take kafin a tashi. Sababbin injuna da yawa wuƙarsu tana da matsayi biyu, ana iya sauke ta ƙasa da kan faifai kaɗan a yi kwarmi ba tare da an cire ta ba. Mai shirin sayen inji ya duba wannan kafin ya duba launi ko ƙafafu.

Cikakken allon MDF mai faɗin milimita 1,220 da tsawon 2,440, kauri 18, nauyinsa ya kai kilo 40, ya fi injin kansa nauyi. Ɗora shi a ƙaramin tebur yana iya kifar da injin ko ya ture jagora. Aka riƙa shimfiɗa shi a kan tu-bai-fo huɗu, a raba shi da zarton hannu na lantarki da miƙaƙƙen katako a matsayin jagora, da rarar milimita 5, sannan teburin ya fitar da awon ƙarshe. Fuskar da za a gani tana kallon sama, domin haƙora ta sama suke shiga, ɓarewa a ƙasa take. Idan ana son fuska biyun su fita da tsafta, a fara sauke faifai zuwa milimita 2 a ja layi a ƙasan allon, sannan a ɗaga a yanke. Wannan ja-layin ma yanka ne da ba ya ɓulla, yana bin ƙa'idar kwarmi.

Yankan gicciye na guntayen firam da ma'aunin kusurwa aka yi shi. Ba a jingina ƙarshen katako da jagora a lokaci ɗaya, domin guntun da ya fita zai maƙale tsakanin faifai da jagora ya juya ya tashi. Idan ana son guntaye masu tsawo ɗaya, a matse ɗan katako mai kaurin milimita 20 a jikin jagora can gaban faifai, a riƙa auna tsawo da shi, yadda katako zai rabu da shi kafin ya taɓa haƙora. Yanka da hannu zalla, babu jagora babu ma'auni, ba a yin sa a wannan inji ko da na gyaran milimita biyu ne.

Makunnin injin ma an gwada shi, gwajin da ya kamata duk mai aiki da janareta ya yi. A kunna inji babu katako, a zare fulogi, a jira ya tsaya, a mayar. Idan ya tashi da kansa, to duk ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka ta dawo, zai tashi da katako a bakinsa, wataƙila da hannun wani a kusa. Irin wannan sai a sa masa makunni mai sakin kansa idan wuta ta yanke. Wanda ya sayo injin da aka yi don Amurka ya karanta farantin jikinsa: na bolt 120 ne, sai da taransifoma mai ƙarfin da ya ɗara na motar, kuma ramin faifansa kashi biyar bisa takwas na inci ɗaya ne, ba milimita 30 irin na Turai ba. Zoben da ake cike ramin faifai da shi kada ya fi jikin faifan kauri, in ba haka ba farantan matsi za su kama zoben su bar faifan yana wasa.

Akwai injunan SawStop, da Steve Gass ya ƙirƙiro fasaharsu a 1999, masu gane taɓawar fata ta hanyar siginar lantarki su tsayar da faifai cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Da sun rage yankan yatsan nan ya zama ƙwarzane. Amma ba sa hana harbi, falankin zai bugi cikin dai, kuma ɗanyen katako yana iya tayar da birkinsu ba gaira ba dalili.

Saura ƙura da ƙara, da ba sa nuna illarsu a rana ɗaya. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, musamman a hanci. Ƙurar iroko da obeche an san su da tayar da asma, ta MDF kuma laushi gare ta ƙwarai, ga gam a cikinta. An fitar da injin baranda inda iska ke wucewa, an ɗaura buhu a bututun fitar ƙura, kowa ya sa takunkumi mai matata irin FFP2, ba ƙyalle ba, da tabarau, da abin toshe kunne, domin ƙarar waɗannan ƙananan motoci tana wuce desibel 85 da ake fara lalata ji a kai. Faifan mai haƙora 60 an jiƙa shi a kananzir, an goge ƙaron da burushi mai laushi, an bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ɓare a harbin, don haka ba a mayar da shi kan inji ba sai da aka kai shi wurin masu wasa faifai suka canja su.